Shanyewar Ɓarin Jiki: Kada Mu Fid Da Rai

A nan Kaura Goje mukan ga mutum ya kwanta lafiya, da asuba hannunsa da ƙafarsa na dama sun saki, magana ta ƙi fita. Waɗansu su ce iska ce. A'a, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, sau da yawa saboda hawan jini.

Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kamar goro. Ɓarin hagu ke juya gefen dama na jiki, na dama kuwa gefen hagu. Ga yawancin mutane magana tana ɓarin hagu, kamar yadda likitan Faransa, Paul Broca, ya bayyana a 1865.

A 2020 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka gina kwatancin ɓarin nan biyu cikin kwamfuta. Suka koya masa maimaita kalmomi, sa'an nan suka lalata wani sashi na hagu. Da aka ci gaba da koya masa, sai ya soma farfaɗowa. In ɓarnar kaɗan ce, ragowar hagu ke ɗaukar aikin. In babba ce, dama yakan kawo gudummawa, ko da yake ba ya maye gurbin duka.

Watau ƙwaƙwalwa tana iya sake koyo, amma sai da horo. Saboda haka mu garzaya da majiyyaci asibiti nan take, kamar na Abdullahi Wase da ke Nassarawa. Bayan sallama kada mu bar shi kwance shiru. Mu riƙa hira da shi, mu motsa gaɓoɓinsa kullum bisa shawarar likita. Mu kuma, mu riƙa auna jininmu.