Digiri na biyu a hannu, aiki babu: Abin da jami'o'inmu ba sa koya wa manyan ɗalibai

A watan jiya wani abokina da muka tashi unguwa ɗaya ya turo min takardar CV ɗinsa ta WhatsApp, ya ce in duba masa kafin ya aika wa wata ƙungiya mai zaman kanta da ke neman jami'in tattara bayanai. Yana da digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma. Karatun da aka ce masa na shekara biyu ne, sai da ya cinye shekara huɗu, har da wata takwas na yajin aikin ASUU na 2022.

Takardar shafi shida ce. Akwai sunan firamaren da ya yi, akwai ƙaramar hukumarsa, akwai cewa yana sha'awar ƙwallo da karance-karance. Sunan kundin bincikensa kaɗai ya ci layi uku.

Da na kira shi muka yi hira, sai na gano cewa don rubuta wannan kundin ya shiga ƙauyuka 11, ya yi wa manoma sama da 200 tambayoyi, ya horar da matasa huɗu da suka taya shi, kuma shi ya riƙa biyansu daga ɗan kuɗin da ya tara. Wato ainihin aikin da ƙungiyar ke neman wanda zai yi mata. Ko kalma ɗaya game da wannan babu a cikin shafuka shidan nan.

Na tambaye shi dalili, sai ya ce shi bai ɗauki wannan a matsayin aiki ba, ai karatu ne. Kuma a duk shekarun da ya yi a jami'a babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga yadda ake faɗa wa mai ɗaukar ma'aikata abin da mutum ya iya.

Hanya ɗaya, matafiya da yawa

Tsarin manyan digirori a Najeriya an gina shi ne a kan tunanin cewa duk wanda ya shigo malamin jami'a zai zama. Mai digiri na biyu ya fara a matsayin mataimakin lakcara, mai digirin digirgir ya fara daga lakcara mai mataki na biyu, daga nan sai wallafa maƙaloli har a kai ga farfesa. Abin da ake nuna wa ɗalibi ke nan, domin ita ce hanyar da malaminsa ya bi, kuma sau da yawa ita kaɗai ya sani.

Amma ba kowa ne ya shiga don ya zama malami ba. Wani ya gama yi wa ƙasa hidima ya zauna shekara biyu babu aiki, sai iyaye suka ce gara ya koma makaranta da zaman banza. Wata ma'aikaciyar gwamnati ce da ke neman ƙarin girma. Wanda zai shiga aikin gwamnatin tarayya da digiri na farko mataki na 8 ake ba shi, mai digiri na biyu na 9, mai digirin digirgir na 10. Ka ga ke nan shekaru masu yawa na wahala da kashe kuɗi, bambancinsu mataki ɗaya ko biyu ne, idan ma an samu gurbin.

Har yanzu ana tuna abin da ya faru a 2012, lokacin da kamfanin Ɗangote ya nemi direbobin manyan motoci daga cikin waɗanda suka kammala karatu mai zurfi. Alhaji Aliko Ɗangote da kansa ya bayyana cewa cikin takardu kusan 13,000 da suka samu, akwai masu digirin digirgir 6 da masu digiri na biyu 704. An yi ta cece-kuce a lokacin, wasu na dariya, wasu na jimami. Tuƙi sana'a ce mai daraja. Abin tambaya shi ne me ya sa mutum 704 da suka yi bincike suka rubuta kundi ba su ga wata ƙofa da iliminsu zai buɗe musu ba.

Ba a nan kaɗai ba ne

Ƙarancin kujerun koyarwa ba matsalar Najeriya ce ita kaɗai ba. Wani rahoto da ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta fitar a Birtaniya a 2010 ya nuna cewa cikin masu digirin digirgir a fannonin kimiyya, kusan kashi 3.5 cikin 100 ne ke samun aikin dindindin a jami'a, sannan ƙasa da mutum ɗaya cikin 200 ke zama farfesa. Sauran duk wani wuri suke tafiya.

Bambancin shi ne can sun yarda da wannan gaskiyar, suka yi mata shiri. A 2002 gwamnatin Birtaniya ta karɓi rahoton Sir Gareth Roberts, wanda ya gano cewa masu ɗaukar ma'aikata na kokawa da yadda masu digirin digirgir ke fitowa da ilimi mai zurfi a kan ɗan ƙaramin fanni, amma ba su iya aiki da jama'a ko tafiyar da shiri ko yin bayani a sauƙaƙe ba. Ya ba da shawarar kowane ɗalibi ya samu horo na aƙalla mako biyu a kowace shekara a kan irin waɗannan ƙwarewa. Gwamnati ta ware kuɗi, kimanin fam miliyan 120 cikin shekarun da suka biyo baya, kuma a 2008 aka kafa cibiyar Vitae don kula da ci gaban masu bincike. A yau ɗalibin digirin digirgir a can yana iya halartar bita kan rubuta takardar neman tallafin bincike, ko tsara kasafin kuɗi, ko yadda ake amsa tambayoyi a ganawar ɗaukar aiki, duk a cikin jami'arsa.

Faransa ta bi wata hanyar tun 1981 da tsarin da ake kira CIFRE. Kamfani ne ke ɗaukar ɗalibin aiki na shekara uku da albashi, ya yi bincike a kan wata matsala ta kamfanin a ƙarƙashin kulawar malamin jami'a, gwamnati kuma ta tallafa wa kamfanin da wani kaso na kuɗin. Ranar da ya kare kundinsa, yana da digiri kuma yana da shekara uku na gogewar aiki.

Wanda ya fi burge ni shi ne mafi arha a cikinsu. A 2008 Jami'ar Queensland da ke Ostireliya ta fara wata gasa inda ɗalibi zai bayyana bincikensa gaba ɗaya cikin minti uku, da hoto ɗaya tak a allo, a gaban mutanen da ba fanninsu ba ne. Wanda ya wuce minti uku ya faɗi. An ce tunanin ya zo wa Farfesa Alan Lawson ne a lokacin wani fari, sa'ad da aka riƙa roƙon jama'a su taƙaita wanka zuwa minti uku don tattalin ruwa. Yanzu jami'o'i ɗaruruwa a duniya suna yin gasar. Ɗaki ɗaya da agogo ɗaya take buƙata. Babu makarantar manyan digirori a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri da za ta ce wannan ya fi ƙarfin aljihunta.

Babi na huɗu

Akwai wani abu da kowa ya sani a harabar jami'o'inmu amma ba a cika faɗa a fili ba. A shagunan buga takardu da ke bakin ƙofa, akwai masu yi wa ɗalibai babi na huɗu, wato inda ake tace bayanan da aka tattaro a fitar da sakamako. Ɗalibi ya kawo takardun tambayoyinsa, ya biya, bayan kwana uku ya karɓi jadawali da sharhi. Ranar kare kundi ya haddace abin da zai faɗa.

A ajiye batun rashin gaskiya a gefe, ko da yake ba ƙarami ba ne. Asarar da ɗalibin ya yi wa kansa ta fi. A cikin babi biyar na kundi, wannan babin ne ya fi daraja a kasuwar aiki. Bankuna, kamfanonin sadarwa, ƙungiyoyin agaji da cibiyoyin bincike irin su IAR da ke Samaru, ko ofisoshin IITA da ICRISAT da ke Kano, duk suna buƙatar wanda zai karɓi tarin lambobi ya fito da ma'ana. Ɗalibin da ya sayi babi na huɗu ya fita da takardar shaida, yaron shagon kuma ya zauna da ƙwarewar. Na san wani daga cikin irin waɗannan yaran shago da difloma kawai gare shi, yanzu yana aiki da wata ƙungiya, kuma cikin waɗanda suka nemi kujerar tare da shi har da masu digiri na biyu.

Ba laifin ɗalibai ba ne su kaɗai. A sassa da yawa darasin hanyoyin bincike a kan allo ake koyar da shi, a rubuta ƙa'idojin lissafi a haddace, ba tare da ɗalibi ya taɓa buɗe SPSS ko R ko ma Excel a gaban malami ba. Malamin da ke duba aikin ɗalibi kuma yana da wasu ɗaliban masu yawa a hannunsa, ga azuzuwan 'yan digiri na farko, ga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata. Idan ya samu ya karanta babin da aka kawo masa cikin wata guda, ya yi ƙoƙari. Zancen makomar ɗalibi bayan kammalawa ba ya ma shigowa.

Abin mamaki shi ne a matakan ƙasa an san muhimmancin gogewa. Tun 1973 hukumar ITF ta ɓullo da SIWES don tura ɗalibai wuraren aiki. Mu da muka bi ta kwalejin kimiyya da fasaha, dole ne mutum ya yi shekara guda yana aiki tsakanin ND da HND, kuma ni dai a wannan shekarar na koyi rubuta labari, ba a aji ba. NYSC ma ta kawo shirin koyar da sana'o'i na SAED a 2012. Sai a matakin da ya fi kowanne tsada da cin lokaci aka bar ɗalibi shi da kundinsa.

Akwai inda aka fara gyara. Shirin Cibiyoyin Ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2014, wanda Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ke ciki, ya ɗaura wani ɓangare na kuɗin da ake saki a kan sakamako, ciki har da yawan ɗaliban da aka tura su yi aiki na ɗan lokaci a wajen jami'a. Da aka haɗa abin da kuɗi, sai ya samu. Sai dai irin waɗannan cibiyoyi 'yan kaɗan ne, kuma mafi yawan ɗalibai ba ta cikinsu suke bi ba. Tallafin karatu na TETFund kuwa na malaman da ke koyarwa a manyan makarantun gwamnati ne, wato waɗanda suka riga suka samu aikin.

Kafin jami'a ta farka

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ke cikin karatu yanzu ba zai jira a sauya tsari ba, kuma akwai abin da ke hannunsa.

Babban cikinsu shi ne zaɓen abin da zai yi bincike a kai. Kafin ya karɓi batun da aka miƙo masa, ya tambayi kansa wace ma'aikata ko kamfani ko ƙungiya ce za ta damu da amsar. Idan akwai, ya je wurinsu tun da wuri, ya nemi bayanai, ya yi alƙawarin kawo musu sakamako a shafi biyu. Ta haka ake shiga ofis a san fuskar mutum ba tare da ya zo roƙon aiki ba.

Sai ya yi babinsa na huɗu da hannunsa, ko zai ƙara masa wata uku. Manhajar R kyauta ce, haka KoboToolbox da ƙungiyoyin agaji ke amfani da ita wajen tattara bayanai ta waya. Ya kuma samu tallace-tallacen aiki guda goma a fanninsa ya karanta tun yana shekarar farko, ya ga abin da ake ta maimaita nema wanda ba shi da shi. Ga masu fannin kimiyya akwai shafin myIDP da aka buɗe a 2012, wanda ke taimaka wa mutum ya auna ƙwarewarsa da ayyukan da suka dace da shi, shi ma kyauta.

Wanda kuma koyarwar yake so da gaske, ya yi hattara da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. Irin waɗannan kan cika CV, amma kwamitin da ya san aikinsa yana ganinsu zai ture takardar gefe.

Ni da abokin nawa mun zauna wani dare bayan sallar isha'i muka mayar da shafi shida zuwa biyu. Firamare ta fita, ƙwallo ta fita. A saman takardar muka rubuta yawan ƙauyukan da ya shiga, da manoman da ya yi wa tambayoyi, da matasan da ya horar. Da muka zo kan manhajojin da ya iya, sai ya yi shiru, sannan ya ce min babi na huɗu ba shi ya yi ba. Muka bar wurin babu komai.

Sun kira shi ganawa, kuma sun sanar da shi cewa za a ba kowa kwamfuta da wasu bayanai ya tace cikin awa ɗaya. Saura masa kwana 12. Jiya da na biya ta gidansu na same shi a zaure da aron kwamfutar ƙaninsa, ya baje tsofaffin takardun tambayoyin manoman nan a kan tabarma yana shigar da su ɗaya bayan ɗaya.