Gargaɗi ga Iyaye: A Duba Injin Kafin a Ɗora Yaro

Jama'a, a yi hattara da injinan wasan yara. Duk mai shirin kai 'ya'yansa wurin lilo da majaujawa da jirgin tudu da gangare, a bikin Sallah ko hutun makaranta, ya sani cewa sabon fentin da ke ƙyalli a jikin ƙarfe bai isa shaidar lafiyar ƙarfen ba. Waɗannan injina a hankali suke ruɓewa, shekara bayan shekara, kuma daga ciki suke farawa, inda ido ba ya kaiwa.

Ranar 26 ga Yuli, 2017, aka buɗe kasuwar baje koli ta jihar Ohio a Amurka. Akwai wani lilo mai suna Fire Ball da ke cilla mutane sama yana juyawa da su. Jami'an gwamnati sun duba shi, sun sa hannu cewa lafiya lau. Da yamma, yana tsakiyar cillawa, jerin kujeru guda ya ɓalle ya yi jifa da mutanen da ke kai. Wani saurayi ɗan shekara 18 ya rasu, mutum bakwai suka ji rauni. Kamfanin KMG na ƙasar Holan, wanda ya ƙera lilon, ya bincika ya gano tsatsa ce ta cinye cikin bututun da ke riƙe da kujerun har ya yi siriri. Shekarar injin 18 yana aiki. Masu dubawa bayan bututun suka kalla, ɓarnar kuwa tana ciki.

A Ostireliya abin ya fi muni, domin can injin da kansa ya yi ta gargaɗi aka toshe kunne. A filin wasa na Dreamworld da ke jihar Queensland akwai wani kogin wasa da ake shiga kwale-kwale zagayayye, manyan famfuna suna tura ruwa. Tun 1986 yake aiki, kuma ana masa kallon wasan iyali, wanda uwa ke shiga da 'ya'yanta hankali kwance. Ranar 25 ga Oktoba, 2016, ɗaya daga cikin famfunan ya mutu, aka tayar da shi aka ci gaba da lodin mutane. Ya sake mutuwa, aka sake tayarwa. A karo na uku ruwa ya janye, wani kwale-kwale da babu kowa ciki ya maƙale a bakin na'urar da ke jawo su sama, na bayansa mai mutum shida ya zo ya buge shi ya kife. Manya huɗu suka mutu nan take, yara biyu Allah ya yi da sauran kwanansu. Ma'aikaciyar da aka ajiye a wajen sauke mutane a safiyar ranar aka koya mata aikin. Alƙalin da ya binciki mutuwar ya fitar da rahotonsa a Fabrairun 2020, inda ya nuna cewa cikin shekara 30 ba a taɓa sa ƙwararren injiniya ya zauna ya tantance haɗarin injin gaba ɗaya ba, ga shi kuma tun 2001 an taɓa samun kwale-kwale ya kife a wurin lokacin da babu fasinja. Babu ma na'urar da za ta tsayar da komai da kanta idan ruwa ya yi ƙasa, alhali kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Kotu ta ci kamfanin da ke da filin tarar dalar Ostireliya miliyan 3.6.

Wanda ya fi kama da halin da muke ciki shi ne na Japan. Ranar 5 ga Mayu, 2007, ranar bikin yara ta ƙasar, sandar tayar wani jirgin wasa ta karye a filin Expoland kusa da birnin Osaka, wata budurwa ta rasu. Bincike ya nuna shekara 15 ba a canza sandunan ba, kuma an ɗage kwance jirgin a duba shi sai bayan hutun. Wato a bari a kwashi ciniki tukuna. Filin bai sake farfaɗowa ba, daga baya aka rufe shi. Ko a ƙarshen Yulin 2025, a wani wurin shaƙatawa da ke kusa da Ɗa'ifa a Saudiyya, sandar wani katafaren lilo ta karye biyu da mutane a kai, sama da 20 suka jikkata.

Waɗannan ƙasashe ne masu doka, masu jami'an dubawa, masu kayan aiki. To mu fa? A nan damina na cusa ruwa cikin bututu, ƙurar hunturu na shiga giris ta mai da shi abin da ke cin ƙarfe. Inji yakan yi watanni a ajiye, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, sai Sallah ta zo a tashe shi tun hantsi har bayan isha'i ba hutawa, yara na layi kamar za su ɓalle ƙofa. A ɗauke wuta yana tsakiyar juyawa, a tada janareta a ci gaba. Idan kuma injin na hannu ne aka sayo daga waje, mai shi bai san shekara nawa ya yi yana aiki kafin ya iso ba, littafin da ke bayanin yadda ake kula da shi ma wataƙila bai biyo shi ba.

Sakacin kuma ba ya zuwa da sunan sakaci. Shekarar farko komai sabo, akwai wanda kamfani ya horar. Sannu a hankali canji ya tashi, kayan gyara suka yi tsada, sai a kira mai walda na bakin titi ya ɗinke inda ya tsage. Wanda ya san injin ya bar aiki, a ɗauko yaron gida a nuna masa maɓallin kunnawa da na kashewa. Noti ya kwance, a ɗaure da waya, a ce bayan Sallah za a gyara. Kowane mataki shi kaɗai ƙarami ne, kuma kullum ana cewa ai jiya ma ya yi aiki lafiya. Ranar da abin ya faru sai a ce tsautsayi ne. Mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya ga tsaguwa ya shafe ta da fenti ya karɓi kuɗin tikiti, shi ma yana da amsar da zai bayar, a kotu da kuma gaban Allah.

Don haka, malam, hajiya, kada ku saya wa yaro tikiti sai kun tsaya kun kalli injin ya yi zagaye biyu ko uku. Ku saurara: ƙarar gogar ƙarfe da ƙarfe, ko ƙas-ƙas da ke maimaituwa a wuri ɗaya, alama ce. Ku dubi gindin ginshiƙai da wuraren noti. Jan ruwan tsatsa da ya gangaro daga rami yana nufin akwai ruwa kwance a ciki. Walda kan walda, bel ɗin da aka ƙulla da igiya, ƙarfen riƙe ƙirji da ke motsi bayan an kulle, yara uku a kujerar mutum biyu, mai kula da inji da idonsa ke kan waya, kowanne ya isa ku ja hannun ɗanku ku wuce. Abu mafi muhimmanci: in kun ga inji ya tsaya da kansa, an taɓa nan an taɓa can an sake kunnawa, kada ku hau, ko da kun riga kun biya. Yaro zai yi kuka, ku saya masa alawa.

Kada kuma ku raina idonku. A ƙarshen Yunin 2023, a filin Carowinds na Amurka, wani uba da ya kai 'ya'yansa ne ya hango ginshiƙin wani babban jirgin wasa ya tsage yana motsi duk lokacin da jirgin ya wuce. Ya ɗauka a wayarsa, ya kai rahoto, aka rufe jirgin kafin a rasa rai.

Masu wuraren wasa, ku kwance injinanku a duba cikinsu kafin biki, ku rubuta ranar da aka duba da sunan injiniyan ku manna a ƙofa kowa ya gani. Gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da ke karɓar haraji a waɗannan wurare, ku tura ƙwararru su duba, wanda bai cika sharaɗi ba a garƙame shi. Ku kuma iyaye, wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya sanar da mai wurin, ya sanar da iyayen da ke layi a bayansa, ya kai ƙara wurin hukuma tun a ranar.