Man Kifin Teku Da Garkuwar Jiki

Tun kafin a mayar da hedkwatar masarauta Azare cikin 1916, mutanen Katagum sun san kifi, domin kuwa Kogin Jama'are ya ratsa ta gefen tsohon garin, masunta kuma ba su raba kasuwa da tarwada da karfasa ba. To, amma kifin da masana ke magana a kansa ba na kogi ba ne. Shi ne kifin ƙanƙara irin su titus, wanda ake saukewa a Ikko a yiwo Arewa da shi, da kuma sadin na gwangwani.

Irin waɗannan kifaye suna da wani maiƙo da ake kira omega-3, wanda suke samu daga ƙananan tsirran teku. Kifin kogi ma yana da shi, sai dai galibi bai kai nasu ba. Wasu likitoci biyu na ƙasar Denmark, Bang da Dyerberg, su ne suka jawo hankalin duniya gare shi tun daga 1971, bayan sun auna jinin mutanen tsibirin Greenland masu yawan cin naman teku.

Sau da yawa akan ji masu tallar magani suna cewa man kifi yana ƙara wa garkuwar jiki ƙarfi. Maganar ba haka take kai tsaye ba. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwa takan tayar da kumburi da zafi don ta yaƙe ta. In yaƙin ya ƙare, wajibi ne wutar ta mutu, in ba haka ba ta koma cin jikin mai ita. A nan ne maiƙon ke aiki, watau jiki yakan sarrafa shi ya zama sinadaran kwantar da kumburi. Mai raba faɗa ne, ba soja ba.

Ko a nan ma da sauran magana. Wani bincike da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 25,000, aka buga cikin 2022, ya nuna raguwar cututtukan da garkuwa ke juya wa jiki ba ta taka kara ta karya ba ga masu shan ƙwayar man kifi.

Saboda haka magidanci a Azare bai kamata ya zuba kuɗinsa a kantin magani ba alhali kifin yana kasuwa. Shawarar likitoci ita ce a ci sau biyu a mako. Mai shan maganin tsinka jini kuwa, kada ya fara shan ƙwayar sai ya ga likita.