Ƙididdiga da Ire-iren Bayanai: Abin da Alkaluman 'Yargalma Suka Nuna

Ƙididdiga ilimi ne na tattara bayanai, da tsara su, da fitar da ma'ana daga cikinsu. Ƙirge shi ne matakinta na farko, amma ba shi ne iyakarta ba. Mai auna gero a kasuwar Gummi ya san tiya nawa ya sayar yau. Ranar da ya fara kwatanta cinikin kaka da na bazara don ya san lokacin da ya kamata ya saro, ya shiga gonar ƙididdiga ko bai taɓa jin sunanta ba.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan cutar sanƙarau a Zamfara suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Sanadin shi ne gubar dalma daga duwatsun zinare da ake dakawa da niƙawa a cikin gari. Da masu bincike na Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka da takwarorinsu na Nijeriya suka shiga ƙauyuka biyu da abin ya fi shafa, 'Yargalma da Dareta, sun bi gidaje 119. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. A ce yara 118 sun mutu, labari ne mai tayar da hankali, sai dai bai faɗi girman annobar ba sai an san daga cikin nawa ne. Da aka raba 118 da 463 sai aka ga kashi 25 cikin ɗari, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Wannan lamba ta ƙasa, wadda ake raba ta sama da ita, ita ce aka fi mantawa a hirar majalisa da ma labaran rediyo.

Masana suna bambanta ɗaukacin waɗanda bincike ya shafa da samfurin da aka ɗiba daga cikinsu, kamar yadda mai sayen shinkafa ke soka buhu ya duba 'yar kaɗan a tafin hannu. Yara 345 ne ke raye a waɗannan gidaje lokacin binciken, an kuma gwada jinin 204. Su ne samfurin. Amma samfuri yana da iyaka: waɗanda suka riga suka rasu, da alama su ne gubar ta fi yi wa yawa, ba a gwada su ba. Kuma tunda ƙauyukan da suka fi jin jiki aka zaɓa, kuskure ne a ɗauki alkalumansu a shafa wa Zamfara gaba ɗaya. Bayyana abin da aka gani a cikin samfuri shi ne ƙididdigar bayani. Yin hukunci kan waɗanda ba a gani ba shi ne ƙididdigar hasashe, kuma ita ce ke buƙatar a zaɓi samfuri ba tare da son rai ba.

Duk abin da amsarsa ke sauyawa daga mutum zuwa mutum ko daga gida zuwa gida, shi ake tattara bayanai a kansa. Bayanan sun kasu gida biyu manya. Na farko bayanan siffa, waɗanda ke sa abu a rukuni. Yaron namiji ne ko mace? Ana sarrafa dutse a cikin gidan ko a'a? Amsoshin suna ne kawai, babu babba babu ƙarami, ko da an rubuta 1 a madadin namiji da 2 a madadin mace don sauƙin shigarwa a kwamfuta. Wanda ya haɗa waɗannan lambobi ya raba, ya ce matsakaicin jinsi ɗaya da rabi ne, ya yi aikin banza. Abin da ya halatta a nan shi ne ƙirga yawan kowane rukuni, kamar yadda aka gano ana sarrafa dutsen a kusan kashi biyu cikin uku na gidajen. Akwai kuma bayanan siffa masu mataki, irin su ciwo mai sauƙi, matsakaici, mai tsanani: an san wanda ya fi wani, ba a san da nawa ya fi shi ba.

Na biyu bayanan adadi, su ma iri biyu. Na ƙirge ba sa karɓar gutsure, don ba a samun yaro biyu da rabi a gida. Na awo kuwa, kamar nauyi da tsayi da yawan dalma a jini, suna iya faɗawa ko'ina tsakanin lambobi biyu. Ana auna dalmar jini da maikrogiram a kowace desilita. A 2010 ana ɗaukar 10 a matsayin iyakar damuwa, 45 kuma matakin da ake fara ba da maganin da ke fitar da dalma daga jiki. Duk yara 204 sun kai 10 ko sun wuce, 198 daga cikinsu sun kai 45, wato kashi 97 cikin ɗari.

A nan akwai abin lura. Da zarar an ce "ya kai 45" ko "bai kai ba", an mai da bayanin awo ya koma na rukuni. Hakan na sauƙaƙa wa likita yanke shawara, amma yana ɓoye tazarar da ke tsakanin yaro mai 46 da mai 300. Ita kanta na'urar hannu da aka yi aiki da ita, LeadCare II, ba ta karanta sama da 65. In an wuce nan sai dai ta nuna cewa ya yi yawa. Iyakar damuwar ma takan motsa: cibiyar ta Amurka ta sauko da tata zuwa 5 a 2012, sannan 3.5 a 2021, don haka yaron da a da ba a lissafa shi cikin masu matsala, yanzu yana ciki, alhali jininsa bai sauya ba.

Irin bayanin ne ke nuna yadda za a taƙaita shi. A ɗauki misali na koyo, ba daga binciken ba: yara biyar masu 40, 45, 50, 55 da 310. In aka haɗa aka raba da biyar, matsakaici ya zama 100, lambar da ba ta yi kama da ta ko ɗayansu ba, saboda yaro guda ya ja ta sama. In kuwa aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, sai a sami 50, wanda ya fi kusa da halin mafi yawansu. Shi ya sa a awon guba da na kuɗin shiga, inda 'yan tsiraru ke yi wa saura nisa, masana kan fi amincewa da na tsakiya, tare da faɗin tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma, wadda a wannan misali ta kai 270. Ga bayanan siffa marasa mataki kuwa, ba matsakaici ba na tsakiya, sai dai a faɗi rukunin da ya fi yawan fitowa.