Ganyen Ginkgo: Sahihin Zance da Ƙagagge

Akwai wata bishiya ta ƙasar Sin, ana ce mata ginkgo, mai ganye kamar mafici, wadda aka tatsi ganyenta aka mai da shi ƙwayoyi, har labari ya game duniya cewa duk wanda ya lizimci shansu haddarsa za ta yi kaifi, ruɗewar tsufa kuma ba za ta kusance shi ba. To, da yake malamai sun hore mu da duba isnadi kafin karɓar ruwaya, ya kamata mu sheƙe wannan zance, tsaba ta fita daga ƙaiƙayi.

Abin da ya inganta shi ne bishiyar mai taurin rai ce, har waɗansu da ke Hiroshima sun sake toho bayan bam ɗin 1945. Sai dai tsawon ran itace ba hujja ba ne a kan ƙwaƙwalwar ɗan Adam, ko da yake masu talla suna so a yi wannan ƙiyasi. Ruwayar da ke cewa Sinawa sun shekara dubbai suna shan ganyen domin hadda ita ma mai rauni ce, domin 'ya'yan itacen ne likitocinsu na dā suka fi ba masu tari da fuka, ƙwayar ganyen kuwa a Jamus ta shiga kasuwa a 1965.

Babbar da'awa, wato riga-kafin ruɗewa, an jarraba ta, ba ta tsaya da ƙafafunta ba. A Amurka an tara dattawa 3,069, galibinsu sun haura shekara 75, aka raba su biyu, kashi ɗaya suna shan miligiram 120 safe da yamma, ɗaya kashin kuwa ƙwayar da babu magani a cikinta, aka bi su kimanin shekara shida, da sakamako ya fito a 2008 sai aka tarar ruɗewa ta kama waɗannan kamar yadda ta kama waɗancan. Faransa ma ta yi nata bahasin, ta bayyana hukunci iri ɗaya a 2012. Adalci dai ya wajabta a faɗa cewa waɗansu gwaje-gwaje sun nuna ɗan sassauci ga wanda ciwon ya riga ya soma kamawa, amma sassauci daban, waraka daban.

Wanda ya fi damuna shi ne zancen masu cewa, "Ai ganye ne, ba ya cutarwa." Wannan ɓatacce ne, domin ana tsoron ya hana jini daskarewa da wuri ga mai shan asfirin ko warfarin, ko wanda za a yi wa tiyata, 'ya'yan itacen kuwa suna da dafin da kan jawo jijjiga, musamman ga yara da masu farfaɗiya.

Ya kai mai karatu, idan ka ga tsohonka ya fara ɓacewa a hanyar gidansa, kai shi ga likita a duba jininsa da sukarinsa tun kafin ka kashe kwabo a kan kwalba.