Zaɓen Gilashin Nutso: Dacewa da Fuska Ta Fi Arha Muhimmanci

MUBI — A unguwar Kolere da sauran sassan garin Mubi, wanda kogin Yedzaram ya ratsa, da kuma garuruwan Jihar Adamawa da ke bakin kogin Binuwai da madatsar ruwa ta Kiri, akwai masu neman abincinsu a ruwa, kamar masunta da masu ɗibar yashi. Ambaliyar da jihar ta fuskanta a 2012 da 2022 ta ƙara nuna muhimmancin waɗanda suka iya nutso wajen aikin ceto.

Ga irin waɗannan mutane, gilashin nutso jari ne. Galibi daga waje ake shigo da shi, kuma kayayyakin waje sun ƙara tsada tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta tsayar da farashin Naira. Don haka wajibi ne mai saye ya san abin da zai duba kafin ya biya.

Abu na farko shi ne dacewa da fuska. Mai saye zai ɗora gilashin a fuskarsa ba tare da ya ɗaura maɗaurin ba, ya shaƙi iska kaɗan ta hanci, sa'an nan ya sake hannunsa. Idan ya manne, ya dace. Idan ya faɗi, to ruwa ma zai shiga ta inda iska ta shiga. Gashin baki kan buɗe kafa a ƙarƙashin hanci, kuma tamke maɗauri ba ya toshe ta, sai dai ya lanƙwasa robar.

Har ila yau, tilas ne gilashin ya rufe hanci. Dalili kuwa shi ne, a zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki yakan ninka na bakin ruwa. Mai nutso yakan hura iska ta hanci cikin gilashin domin ya daidaita wannan nauyi. Tabaran ninƙaya da ke rufe idanu kawai ba su ba da wannan dama, kuma nutso mai zurfi da su na iya fasa ƙananan jijiyoyin jini na ido.

Abu na biyu shi ne faɗin gani. A tudu, idanun mutum na ganin kusan digiri 180 daga dama zuwa hagu, amma ta shimfiɗaɗɗen gilashi a cikin ruwa ba ya kai digiri 100, saboda haske yakan karkace idan ya fito daga ruwa ya shiga iska. Wannan karkata ce kuma ke sa abu ya ƙara girma a ido da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Gilashin da ya zauna kusa da idanu ya fi ba da faɗin gani, kuma ya fi sauƙin fitar da ruwan da ya shiga. Sai dai babu gilashin da ke maganin ruwan damina mai laka. Amfaninsa ya fi fitowa da rani, sa'ad da ruwa ya kwanta.

Dangane da inganci, gilashin da aka gasa domin ya yi ƙarfi, wanda akan rubuta kalmar Tempered a jikinsa, idan ya fashe yakan marmashe ne maimakon ya tsage da kaifi. Robar silikon kuma ta fi baƙar roba ta gargajiya jure wa rana.

A lissafin kasuwanci, abin dubawa shi ne kuɗin gilashin idan aka raba shi da kwanakin da zai yi yana aiki. Mai araha da ke yoyo yakan tilasta wa mai shi fitowa akai-akai, ya rage masa aikin yini, daga bisani kuma ya sake sayen wani. Wanke shi da ruwa mai tsabta bayan aiki, tare da ajiye shi a inuwa, na ƙara masa tsawon kwana.