RUWA YA CI BIRNI, TARIHI YA TSIRA

A kudancin Indiya, ƙasar masu harshen Telugu, akwai wani kwari a bakin Kogin Krishna inda sarakunan Ikshvaku suka kafa babban birninsu, Vijayapuri, cikin ƙarni na 3. Birnin ya shahara da wuraren ibadar mabiya addinin Buddha, kafin ya zama kufai.

A 1955 Firayim Minista Nehru ya aza harsashin madatsar ruwa ta Nagarjuna Sagar domin noman rani. Manoma na bukatar ruwa, amma tafkin zai haɗiye kufan. Sai masanan kayan tarihi suka duƙufa haƙa har 1960, suka kwashe gumaka da duwatsu masu rubutu, suka sāke gina waɗansu gine-ginen bisa tudun Nagarjunakonda. Da ruwa ya cika kwarin, tudun ya zama tsibiri, sai da jirgin ruwa ake isa gidan tarihinsa.

A 1983 kuma aka keɓe dajin duwatsun Nallamala da ke maƙwabtaka domin kare damisa mai ratsi-ratsi. Gonaki sun sha ruwa, gādon kakanni bai salwanta ba.